Agogon zamani ya ƙi zama da waya: jabu ne, ko akwai gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Garko. Ƙanena ya sayo mini agogon zamani a Kano, irin wanda ake taɓa fuskarsa, ya haɗa mini shi da wayata kafin ya koma. Kwana biyu suka zauna lafiya. Yanzu in na kwanta, da asuba sai in tarar ya rabu da wayar. Saƙon WhatsApp tun farko bai taɓa shigowa ba. In batirinsa ya mutu lokaci ya rikice. Wani sa'in kuma in an kira ni ba na jin magana a waya, sai a agogon. Manhajar agogon kuwa ta Xender aka turo mini ita. Ba mu da wutar lantarki, a shagon mai sola muke caji. Agogon ne jabu, ko wayar ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Kafin komai, kada ka yar da agogon, kada kuma ka bari kowa ya yi wa wayarka fulashin a kan wannan. Na daɗe ina gyaran waya a Wudil, bayan na koyo aikin a kasuwar waya ta Farm Centre cikin Kano, kuma da wuya Juma'ar kasuwa ta wuce ba a kawo mini agogo irin naka da kuka irin naka ba. Mafi yawansu lafiyarsu ƙalau. A abubuwa huɗun da ka lissafa ban ga ko ɗaya da ke nuna agogon ya lalace ba. Duk a cikin waya suke.

Abin da za ka riƙe shi ne, agogon nan ba da wayarka yake magana ba, da manhajarsa yake magana. Wayar gida ce, manhajar kuma ɗan aiken da ke zaune a zaure. Ita ke ɗauko lokaci ta ba agogo, ita ke leƙa saƙon da ya shigo ta kwafa ta miƙa masa, ita ke karɓar lissafin takun da ka yi ta ajiye. In aka kori ɗan aike daga zaure, Bluetooth na nan a kunne, agogo na nan da caji, amma babu mai kai saƙo. Mai korar kuwa wayar ce da kanta.

Dalilinta tattalin batir ne. Tun daga Android 6, wanda ya fito a 2015, aka sa wa waya wata dabara: in an kashe fuskarta, aka ajiye ta ba motsi, ba kuma a caji take ba, sai ta fara rage wa manhajoji aiki har ta sa su barci. Kamfanonin waya kowa ya ɗora nasa tsimin a kai. Wayoyin da suka fi yawa a hannunmu, Tecno da Infinix da itel, duk na kamfani ɗaya ne, Transsion, kuma an yi su ne da tunanin mutumin da ba kullum yake samun wuta ba. Abin da ya sa muke son su ke nan, ka yi caji yau ka kai gobe da yamma. To wannan tsimin ne yake kallon manhajar agogo a matsayin mai zaman banza tana shan batir, sai ya rufe ta. Duba lokacin da ka ce abin ke faruwa: da dare, waya na ajiye a gefen katifa, ba motsi, ba caji. Daidai yanayin da aka tsara mata ta yi barci ke nan.

Maganinsa ka sanar da wayar cewa wannan manhaja 'yar gida ce. A wuri uku ake gaya mata, in ka tsallake ɗaya aikin ya dawo baya. Ka danne alamar manhajar da yatsa har App info ya fito, ka shiga ɓangaren batir, ka zaɓi Unrestricted. A wasu wayoyin No restrictions aka rubuta, a wasu Don't optimize, duk nufinsu kada a takura mata. Sai izinin tashi da kanta. A Tecno da Infinix da itel yawanci yana cikin Phone Master, inda aka rubuta Auto-start management. A Redmi Autostart ne. A Samsung kuwa sai ka tabbatar ba ta cikin jerin Sleeping apps ko Deep sleeping apps. Na ukun shi mutane suka fi mantawa: ka buɗe jerin manhajojin da ka taɓa kwanan nan, wurin nan da ake share su, ka nemo ta agogo ka sa mata kwaɗo. A wata wayar jawo ta ƙasa ake yi, a wata a danne ta, a wata a taɓa ɗigo ukun da ke samanta. Za ka ga alamar ɗan kwaɗo ta fito a jikinta.

Wannan kwaɗon yana da muhimmanci saboda wata ɗabi'a tamu. Da mutum ya gama da waya sai ya danna share-duka, don ta yi sauƙi batir ya daɗe. Na ga masu yin haka sau goma a wuni, kuma duk sharar da aka yi da manhajar agogo ake haɗawa. Haka manhajojin nan masu alamar tsintsiya ko roka da ke cewa za su wanke waya su ƙara mata gudu, aikinsu ke nan, kashe duk abin da ke aiki a ɓoye. In kana da irinsu da ka sauke da kanka, cire su. Sannan ga babban tsimin batir, wanda ake rubuta Ultra power saving. Ina kyautata zaton kana kunna shi da yamma in caji ya yi ƙasa, tunda shagon mai sola sai gobe. Ban ce ka daina ba, na san abin da ake nufi da waya ta mutu a ƙauye cikin dare. Amma ka sani, muddin yana kunne manhajar agogo a rufe take, kuma in ka kashe shi da safe sai ka buɗe ta da hannunka kafin su sake haɗuwa. Ita kanta haɗuwar agogo da manhaja ba ta cin batir sosai. Nau'in Bluetooth ne mai ƙarancin shan wuta da ya zo da Bluetooth 4.0 a 2010, an yi shi ne musamman don ƙananan na'urori irin wannan.

Yanzu saƙon WhatsApp. Na ji daɗi da ka ambaci Xender, don da ba ka faɗa ba ita zan fara tambaya.

Babu WhatsApp a cikin agogon nan. Abin da yake nuna maka kwafin sanarwar da ta sauko a saman fuskar wayarka ne. Kafin manhaja ta iya karanta waɗannan sanarwoyi sai an ba ta wani izini na musamman, wanda ba ya cikin izinin da take roƙo da farko. Ka shiga saitin waya, a wurin bincike ka rubuta Notification access, ka nemo manhajar agogo ka kunna mata. In ka tarar a kunne take, kashe ka sake kunnawa, don bayan waya ta sha kashe manhaja izinin yakan tsaya a kunne alhali ba ya aiki. Daga nan ka koma cikin manhajar, ɓangaren saƙonni, ka kunna WhatsApp da SMS da kira ɗaya bayan ɗaya.

In ka je kunnawa ka tarar wurin ya dushe ba ya taɓuwa, ko wani rubutu ya fito mai cewa Restricted setting, to Xender ce ta jawo. Daga Android 13 na 2022, manhajar da ba ta ƙofar kantin manhajoji ta shigo ba, wato turo ta aka yi ko a burauza aka sauke ta, sau da yawa ana hana ta wannan izini. Hikimar a fili take: wanda ke karanta sanarwarka yana karanta har lambar sirrin da banki ke turo maka. Akwai hanyar buɗewa, ta App info, ɗigo ukun sama, Allow restricted settings. Amma ni ba ita nake ba mutane shawara ba. Manhajar da ta bi waya biyar kafin ta iso taka, ba ka san wanda ya taɓa ta ba, kuma galibi tsohuwa ce. Ranar da ka shiga gari inda sabis ke da ƙarfi, cire ta, ka sauke sabuwa daga Play Store. Datar da za ta ci ba ta kai darajar asusunka na banki ba. Don ka san wacce za ka sauke, ka shiga cikin agogon kansa ka nemo lambar QR ka haska ta da waya, kada ka dogara da sunan da ke jikin kwali. Agogunan nan masu araha za ka ga biyu duk an rubuta musu T500 ko Ultra kaza, amma masana'antu daban suka ƙera su, kowanne da manhajarsa: wani FitPro, wani Da Fit, wani Wearfit Pro, wani HryFine. Tunda naka ya yi kwana biyu a haɗe, alama ce sunan manhajar daidai ne, sai ka nemi mai wannan sunan.

Akwai kuma inda ba ni da magani, gara in faɗa maka tun yanzu. Ƙananan wayoyi masu Android Go, waɗanda za ka ga manhajojinsu da Go a ƙarshen suna, in Android ɗinsu 10 ne ko ƙasa da haka, tsarin wayar ne gaba ɗaya bai yarda wata manhaja ta karanta sanarwa ba. Ba saiti ba ne, haka aka gina su saboda ƙarancin ƙwaƙwalwa. A irin wannan waya agogo zai ba ka lokaci, zai ƙirga taku, yana iya sanar da kai kira, amma saƙon WhatsApp ba zai zo ba ko wa ya taɓa ta. Ka duba About phone ka ga lambar Android ɗinka kafin ka wahalar da kanka.

In izini ya samu amma saƙo na zuwa yau gobe babu, ka tuna kwafi agogo yake yi. Abin da bai sauko a saman waya ba, ba zai je hannu ba. Data a kashe, ko sabis ya ɗauke, saƙon bai iso wayar ba ma balle agogo. Zauren WhatsApp da ka sa wa shiru ba zai motsa agogo ba. In hirar a buɗe take a gabanka babu sanarwa. WhatsApp Business a wurin manhaja wani abu ne daban, wani lokaci sai ka kunna inda aka rubuta Others kafin ya shigo. Saƙon murya, wanda shi muka fi yi, agogo zai ce maka ya zo ne kawai, sauraro sai a waya. In kuma ka ga an rubuto maka "ƙauye" ko "ɗalibai" agogo ya nuna ɗan akwati ko alamar tambaya a madadin ƙ da ɗ, ko rubutun Larabci ya fito a wargaje, wannan ba matsalar haɗuwa ba ce. Yawancin masu arahar ba a sa musu haruffanmu masu lanƙwasa ba.

Batun murya da ke fita ta agogo kuwa, nan ne mutane suka fi asarar kuɗi. Agogon da ake amsa kira da shi Bluetooth biyu gare shi. Ɗaya shi ne mai ƙarancin shan wutan da na ambata, na manhaja. Ɗayan irin na sifika da abin saƙalawa a kunne ne, shi ke ɗaukar murya. A wasu agogunan har suna biyu za ka gani a jerin Bluetooth, na biyun da Audio ko Call a jikinsa. A sababbi an haɗe su a suna ɗaya, amma aikin biyu ne. Da wannan na biyun ya haɗu, wayarka ta ɗauki agogo a matsayin sifika, duk abin da za ta faɗa sai ta tura can.

Wata baiwar Allah ta taɓa zuwa mini daga wani ƙauye a hanyar Gaya, ta ce sifikar wayarta ta mutu, ana kiranta ba ta jin komai, karatun da take saurara ma ya daina fita. An riga an ce mata canji za a yi, har an yanke mata kuɗi. Na karɓa na kira lambar da tawa. Muna tsaye sai na ji muryata siririya tana fitowa daga cikin jakarta. Ta zazzage, sai ga agogon da ɗanta ya ba ta, a naɗe cikin ɗankwali, ta ajiye shi don ba ta saba ɗaurawa ba. Ko sukurudireba ban ɗauka ba.

Gyaran: ka shiga Bluetooth na waya, ka taɓa alamar saiti da ke gefen sunan agogon. Za ka ga maɓalli biyu, na kira da na Media audio. Kashe Media audio, karatu da waƙa da bidiyo su dawo waya. Na kiran kuma ra'ayinka ne. Kai da kake tsaye gaban ɗalibai, ko kake sahu a masallaci, ina ganin gara ka kashe shi ma. Agogon zai ci gaba da girgiza ya nuna maka mai kira ta hanyar manhaja, ka ɗauka a waya. Ribar biyu ce, don wannan Bluetooth na murya shi ne mai shanye batirin agogo. In kuma kana son amsawa a hannu, ka bar shi, duk lokacin da kira ya shigo akwai wurin zaɓar inda murya za ta fita a fuskar wayar.

Bayan ka sauke sabuwar manhaja sai a sake ɗaura auren daga farko, kuma a nan tsari yana da amfani. In tsohuwar na nan, fara shiga cikinta ka cire agogon, inda aka rubuta Unbind ko Remove device. Ka je Bluetooth na waya, duk sunan agogon da ka gani ka danna Forget ko Unpair. Dalili: ranar da suka fara haɗuwa sun yi musayar wani mabuɗin sirri, in ɗaya ya manta nasa ɗaya na riƙe da tsoho, sai su yi ta ganin juna suna ƙin gaisawa. Kashe waya ka kunna, kashe agogo ka kunna. Sannan ka buɗe manhajar, ka nemo agogon daga cikinta. Daga cikinta, Malam, ba daga saitin Bluetooth ba. Wannan kuskuren shi ne na ɗaya a wurin masu sabon agogo: su haɗa a saitin waya, waya ta ce an haɗu, manhaja kuma ta yi ta juyawa ba ta ga komai ba. In sunaye iri ɗaya suka fito da yawa, ka duba About a cikin agogo, akwai wata doguwar lamba mai haruffa, ka gwada ƙarshenta da wanda ke jerin.

Lokacin nema manhajar za ta roƙi izinin sanin wurin da kake. Mutane da yawa suna hanawa, suna cewa me ya haɗa agogo da inda nake, kuma tambaya ce mai kyau. Daga Android 6 zuwa 11, Google ya ɗaure neman irin wannan Bluetooth da izinin wuri, saboda ana iya gane inda mutum yake daga na'urorin da ke kewaye da shi. In ba ka ba da izinin ba, ka kuma kunna Location ɗin kansa, jerin zai fito fayau. Daga Android 12 na 2021 aka raba su, aka kawo izinin Nearby devices, shi za ka ba ta. Izinin lambobin mutane da na kira kuma don sunan mai kira ya fito ne. Abin da ya wuce haka, in ba ka ga dalilinsa ba, hana.

In duk da haka manhaja ba ta ga agogon ba, dubi fuskarsa. Akwai 'yar alama, yawanci kamar sarƙa ko zobe biyu a saƙale, mai nuna a haɗe yake. Irin waɗannan agogunan da sun kama waya ɗaya sai su daina shelar kansu, wata wayar ba za ta gan su ba. Wani mai sayar da hatsi ya taɓa kawo mini nasa, ransa a ɓace, ya ce kwana uku yana nema bai gani ba, zai mayar wa wanda ya sayar masa. Na kashe Bluetooth ɗin wayarsa gaba ɗaya, na duba agogo, alamar sarƙa na nan a kunne. Na ce, Alhaji, wa ya fara gwada agogon nan? Ya waiwaya ya nuna yaronsa, yana zaune kan buhun masara taku kaɗan daga rumfata. Da wayar yaron aka gwada shi ranar da aka saya, kuma kullum tare suke wuni. Yaron na kashe nasa, sunan agogo ya faɗo a wayar uban. Kai ma ka tambayi ƙanenka ko ya fara gwada shi da tasa. In haka ne, duk ranar da ya zo gida yana iya ƙwace maka shi bai sani ba, sai ya cire shi daga wayarsa.

Nisa kuma, kamar mita 10 ne a fili, ba gini a tsakani. Katangar ƙasa mai kauri tana rage shi sosai, ƙofar ƙarfe da kwano sun fi, har jikin mutum yana tarewa, don ruwan da ke jiki na shanye irin zangon 2.4 GHz da Bluetooth ke bi. Ka bar waya a ofishin hedimasta ka shiga aji na uku, dole su rabu, kuma ba laifi ba ne. Haka in kana tura abu ta Xender ko ka kunna wa wani hotspot, Wi-Fi da Bluetooth sukan yi cunkoso a hanya ɗaya, haɗuwar ta yi ta yankewa har ka gama. Sa'ar da wayarka ke shagon caji agogo zai ci gaba da ba da lokaci da ƙirga taku. In ka karɓo ta, buɗe manhajar ka ja fuskarta ƙasa, lissafin zai shige. Kada dai ka bar shi kwanaki da yawa, ma'ajiyar masu arahar ƙarama ce, sabo yana ture tsoho.

Lokaci shi ya fi sauƙi. Agogon ba shi da wani ɗan batir na daban da ke riƙe masa lokaci, in ya mutu ya manta, sai manhaja ta sake gaya masa. Bayan kowane caji ka buɗe manhajar kusa da shi, cikin daƙiƙoƙi zai daidaita. In ya daidaita amma da bambancin awa ɗaya ko biyu cif, wayar ce ke kan yankin lokacin wata ƙasa. Namu GMT+1 ne, ka sa wayar ta riƙa ɗaukar lokaci da kanta daga sabis. Wannan ya shafi lissafin taku ma, don da sha biyun dare agogo ke rufe na yau ya buɗe na gobe. In lokacinsa ya karkace sai ka ga tafiyar Talata a ranar Litinin.

Tunda a shago kuke caji, bari in daɗe kaɗan a nan, don yawancin agogunan da na ga sun mutu da gaske caji ne ya kashe su. Ka riƙa kai shi da igiyarsa, kada mai shago ya laluba masa wata don ta manne. Igiyoyin nan masu maganaɗisu suna kama da juna, amma tazarar ƙusoshinsu da ɓangaren da wuta ke bi sukan bambanta, ta wani tana iya ƙona naka. Wuta kaɗan yake buƙata, volt 5, kan caja na talaka ya ishe shi. In igiyar na jone ba agogo a kai, kada a bar bakinta ya manne da mabuɗi ko wani ƙarfe. Kada a ajiye shi a rana ko kan batirin sola, zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 a nan yana kumbura ƙaramin batir irin nasa. Mai caji da fawa bank kuma ya sani, da yawa daga fawa bank ɗin suna ɗauke wuta da kansu in abin da aka jona ba ya jan wuta sosai, sai ka ɗauka agogo na caji ashe tun minti na farko ta ɗauke. Sai ƙusoshin bayan agogon: gumi da ruwan alwala da ƙurar hunturu suna taruwa su yi musu tsatsa kore. Ɗan auduga da sifirit, ko busasshen burushin haƙori, ka goge su duk mako. Rubutun IP67 da ke kwali, in gaskiya ne, yana nufin zurfin mita 1 na minti 30 a ruwa mai tsabta, amma a kan masu arahar nan ni ban yarda da shi ba, cire shi kafin alwala ya fi. Duk wannan ya shafi tambayarka, domin agogo in cajinsa ya yi ƙasa sosai yakan shiga tsimi ya kashe Bluetooth da kansa.

Ga masu karatu da ke shirin sayen na hannu masu tsada: Apple Watch ba ya aiki sai da iPhone, kuma in mai shi na farko bai cire asusunsa ba a kulle yake. Galaxy Watch4 na 2021 da na bayansa ba sa aiki da iPhone, ba sa kuma aiki da Android Go. A gwada a gabanka da wayarka kafin ka biya.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ba zan iya yin shiru a kansa ba. Agogunan nan suna nuna awon hawan jini, wasu har da sukari. Na ga dattawan da suka rage shan magani saboda agogo ya ce musu lafiya lau. Don Allah, Malam, kai da ake jin maganarka a gari, ka gaya wa mutane kada su yi haka. Wasu masu arahar ko a kan tebur ka kifa su za su ba ka bugun zuciya, gwada naka ka gani. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi jama'a kada su yi amfani da agogo ko zoben da ke iƙirarin auna sukari ba tare da huda fata ba, ta ce ba ta amince da ko ɗaya ba. Awon jini a asibiti yake, ko da na'urar da ake ɗaurawa a damtse.

In ka bi duk abin da na faɗa bai zauna ba, saura gwaji ɗaya da zai raba gardama. Ka ari wayar wani malami, wadda ba irin taka ba, ka cire agogon daga taka, a haɗa da tasa ya kwana. In ya kwana a haɗe, matsalar na wayarka. Sai ka nemi Reset Wi-Fi, mobile and Bluetooth a cikin saiti, wanda ba ya taɓa hotuna ko lambobi, sai dai ya manta na'urorin da ka taɓa haɗawa. Ka karanta da kyau kafin ka danna, don kusa da shi akwai Erase all data, mai share komai. In kuwa a wayar tasa ma yana yankewa alhali suna gefen juna, ko sai ka manna shi a jikin waya yake kamawa, to eriyar cikinsa ce ko allon, kuma irin waɗannan kuɗin gyaransu yakan kusa kuɗin sabo. A mayar wa mai shago in kwanakin da ya ba ku ba su ƙare ba. In manhaja ta ce akwai sabuntawar agogo, kada ka karɓa sai cajin duka biyun ya haura rabi, suna kusa da juna, kana wurin da sabis ba ya yankewa, don in ta tsaya a tsakiya agogon na iya ƙin tashi.

Ka fara da kwaɗon nan da saitin batir yau da dare, su ba sa buƙatar data. Gobe da asuba ka dubi alamar sarƙar. In ka sake rubutowa, ka haɗo mini da lambar Android ɗin wayar da sunan manhajar, in kuma hanya ta biyo da kai Wudil ran Juma'a, ka taho da agogon da igiyarsa da wayar gaba ɗaya.